Rabin gini da inuwarsa: tarihin hoton madubi daga Landan zuwa Gyaɗi-Gyaɗi

Wanda ya ɗauki hoton gadar Dangi da la'asar, daga ɓangaren Gyaɗi-Gyaɗi, yana iya mayar da ita wani abu dabam cikin 'yan mintuna. Zai yanke rabin hoton, ya kwafe shi, ya juya kwafin yadda madubi ke juya fuska, sannan ya manna su baki da baki. Gadar da aka gina a zamanin gwamnatin Ganduje don rage cunkoso a titin Zariya sai ta koma kamar fukafukan jemage. Idan ya sake juya ta sama da ƙasa ya ɗora falle a kan falle, ya umarci manhajar ta tara hasken fallayen ko ta ninka duhunsu, ginin zai ɓace, layi da launi kawai za su rage.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin wasan waya na 'yan bana-bakwai. Ya girmi wayar nesa ba kusa ba. A 1857 Oscar Rejlander ya baje kolin wani hoto a Ingila wanda ya harhaɗa daga nagatif sama da talatin. A daidai wannan lokaci Gustave Le Gray na Faransa yana ɗaukar teku dabam, sararin sama dabam, ya haɗe su a takarda guda, domin sinadarin zamanin ba ya iya kama hasken biyun a tashi ɗaya. Madubi ya shigo sosai a 1917, lokacin da Alvin Langdon Coburn ya nuna a Landan hotunan da ya ɗauka ta cikin madubai uku da ya ɗaure wuri guda. Ana lissafa su cikin hotunan farko da aka yi da gangan don kada su yi kama da komai. A nan gida ma, mai binciken nan Stephen Sprague ya tarar a shekarun 1970 cewa masu hoto a Ila-Orangun ta ƙasar Yarbawa suna wanke hoton yaro sau biyu a takarda ɗaya, domin ya tsaya a madadin ɗan'uwansa tagwai da ya rasu.

Photoshop ya fito kasuwa a 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano. Dabarar ɗora falle a kan falle ta shiga manhajar a 1994. Ba a jima ba sana'o'in biyu suka haɗu. Titin Gidan Zoo, wanda ya taso daga Dangi, ya cika da ofisoshin 'yan fim da shagunan masu kwamfuta, kuma a fastar fim ne Kanawa da yawa suka fara ganin fuskar jaruma ta narke cikin gajimare, da gidan bene a bayanta wanda babu shi a ko'ina. 'Yan siyasa suka ɗauka daga nan.

Sai dai daidaita dama da hagu tsohon ilimi ne a ginin Hausa, kuma a nan ne maganar ta fi ba ni sha'awa. Dubi fuskar tsohon zaure: zanko a dama, zanko a hagu, ƙofa a tsakiya, dagi a samanta. Shiga soron Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya fara makarantarsa a 1909, ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo ke tasowa daga bango biyu su haɗu a tsakiya. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai wannan tsari ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Amma magini da hannu yake aiki, cikin ɗanyar ƙasa, yana tsere da bushewarta. Zankon dama bai taɓa zama tagwan na hagu sak ba. Ɗaya ya ɗan fi tsini, ɗaya damina ta ci gefensa an yaɓe shi a wata shekarar. A waɗannan 'yan bambance-bambance ake gane hannun wani magini daga na wani, a kuma karanta shekarun gini.

Madubin kwamfuta yana share wannan gaba ɗaya. Yana zaɓar rabin da ya fi kyau ya maimaita shi, rabin da ya tsage kuwa ya jefar. Abin yana burge ido, domin idon ɗan'adam yana saurin kama duk abin da gefensa biyu suka yi daidai, shi ya sa ma ake ganin fuskoki a irin waɗannan hotuna. Ba ni da ja da shi a matsayin zane. Damuwata ita ce ranar da ginin ya tafi, hoton ya rage.

Kano kuwa tana rasa gine-gine. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. An rushe shataletalen da ke gaban gidan gwamnati a 2023. A Tarauni, gidajen rukunin Kundila suna rikiɗa zuwa shaguna da benaye ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da Zbigniew Dmochowski ya zagaya Najeriya yana auna gine-ginen ƙasa, aikin da aka buga a mujalladi uku a 1990, awon tef da hoto marar gyara ya bar mana, kuma da irin wannan awon aka sake gina misalan da ke gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Ɗalibin da zai nemi Kanon yau nan da shekara hamsin, a intanet zai neme ta, inda hoton asali da na madubi suke zube wuri ɗaya ba tare da alama ba.

Akwai hanyar rarrabewa, ga mai haƙurin dubawa. Inuwa takan faɗi ta gefe biyu, kamar rana biyu ce ta fito. Tsagewar bango guda takan bayyana a dama da hagu. Idan kuwa akwai rubutu a saman ƙofa, na ajami ko shekarar da aka yi ginin, za a same shi sau biyu, ɗaya yana karantuwa, ɗayan a juye.