Dick Tiger: Ina Matsayinsa Cikin Mazan Zamaninsa?

A ƙasar Maraɗi, daga Cadawa zuwa Gazawa har Gidan Rumji, in aka zauna gardamar mazan fage ba a fara tambayar sau nawa mutum ya sha ƙasa. Abin da ake fara tambaya shi ne da wa ya kara, kuma wa ya kayar. Shi ya sa sunan Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko na kokawar ƙasa ta Nijar a Tawa a 1975, bai bar bakin mutane ba har yau. Da wannan mudun nake son a auna Dick Tiger, ɗan damben boksin na Najeriya da ya riƙe kambun duniya na ajin matsakaita nauyi sau biyu, wanda samarin yau da yawa ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Sunansa na yanka Richard Ihetu, ɗan ƙabilar Igbo ne, an haife shi ranar 14 ga Agusta 1929 a Amaigbo, gabashin Najeriya. Ya yi sana'ar tsintar kwalabe yana sayarwa a kasuwar Aba kafin dambe ya ɗauke shi. A 1955 ya tafi Liverpool ta Ingila, inda ya sha kaye a wasanninsa huɗu na farko a jere, ga sanyi, ga aikin masana'anta da rana. Wani da ya tattara ya koma gida. Shi kuwa ya daure, a 1957 a Landan ya lallasa Terry Downes, wanda daga baya ya zama zakaran duniya, a 1958 kuma ya kwantar da Pat McAteer ya karɓi kambun ƙasashen renon Ingila. Shekara guda bayan haka ya haye Amurka.

Masu son rage masa daraja da lissafi suke farawa: wasa 82, nasara 60, kaye 19, canjaras 3. Suna cewa zakaran da ya sha kaye sau 19 ba ya shiga sahun gaba. Ni ban yarda ba. Kashi mai yawa na wannan kayen ya same shi ne yana baƙo a garin wasu, yana koyon sana'ar a gaban alƙalan da ba su san shi ba, kuma kusan duka da maki ne. A ajin da ba a wuce kilo 72 da rabi, cikin shekarun 1960, babu wani namiji mai suna da Tiger ya kauce wa.

A fara da Gene Fullmer, Ba'amurke mai wuyan bijimi wanda ya taɓa ƙwace kambu daga hannun Sugar Ray Robinson a 1957, ya kuma doke Carmen Basilio sau biyu. Fullmer ba ya ja da baya, ture mutum yake yi da ƙirji har sai ya gaji. Ranar 23 ga Oktoba 1962, a San Francisco, ya gamu da wanda ya fi shi ƙarfin ƙafa. Tiger gajere ne, dirarre, yana kare fuska da hannu biyu, ya jira ka kawo duka sannan ya mayar maka da na hagu a ƙugu ko a muƙamuƙi. Turmi 15 aka yi, Tiger ya ɗauki kambu yana da shekara 33. Suka sake haɗuwa a Las Vegas a Fabrairun 1963, aka tashi babu kisa. Karo na uku shi ne wanda ya shiga tarihi: 10 ga Agusta 1963, a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, gwamnati ta tsaya wa wasan da kuɗinta, dubban mutane suka cika fili. Wannan ne karon farko da aka yi damben kambun duniya a Afirka ta Yamma, shekara 11 kafin Muhammad Ali da George Foreman su gwabza a Kinshasa. Bayan turmi na bakwai fuskar Fullmer ta farfashe, mutanensa suka ce ya isa haka. Bai sake hawa fage ba har ya bar duniya.

Joey Giardello ne ya gano lagonsa. Sun riga sun kara sau biyu a 1959, kowa ya ci ɗaya, don haka Giardello ya san tsayawa gaban Tiger ganganci ne. A Atlantic City, ranar 7 ga Disamba 1963, sai ya riƙa zagaya fage, ya taɓa ya janye, ya taɓa ya janye, har lokaci ya ƙare ya tafi da kambun da maki. Dole a faɗi gaskiya a nan: Tiger ba shi da saurin ƙafa, kuma mai iya zille-zille yakan wahalar da shi. Joey Archer ma da wannan dabarar ya ci shi a 1964. Amma abin da ya biyo baya ya fi nuna ko Tiger wane ne. Giardello ya yi ta jan ƙafa kusan shekara biyu kafin ya ba shi damar ramuwa, Tiger kuwa bai zauna jira ba. A Mayun 1965 ya haɗu da Rubin Carter, mai naushin da kowa ke tsoro, ya kai shi ƙasa sau uku. A Oktoban wannan shekarar, a zauren Madison Square Garden na New York, ya karɓo kambunsa daga Giardello. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon ɗan damben shekara a 1962, ta sake zaɓensa a 1965.

Emile Griffith shi ne ƙashin da ya tsaya masa a wuya. Griffith ya hauro daga ajin ƙasa, ya fi shi ƙuruciya da shekara takwas, kuma a Afrilun 1966 ya zama mutum na farko da ya taɓa kai Tiger ƙasa, a turmi na tara. Alƙalai suka ba Griffith, ko da yake yawancin 'yan jaridar da ke bakin fage sun ga Tiger ne ya ci. Haɗuwarsu ta biyu a 1970, Tiger yana da shekara 40, ba ta bar wata gardama ba, Griffith ya ci sarai. Duk wanda ya sa Griffith gaba da Tiger yana da hujja, kuma ba zan yi musu da shi da zafi ba. Haka nan Carlos Monzon da ya kare kambu sau 14, da Marvin Hagler da ya kare sau 12, sun fi shi daɗewa a kan gado.

Sai dai akwai abin da Monzon da Hagler ba su taɓa gwadawa ba. Da Tiger ya rasa kambu yana da shekara 36, lokacin da tsararrakinsa ke ajiye safar hannu, sai ya haura ajin da ke sama, na masu kilo 79, inda kowa ya fi shi tsawo da jiki. Ranar 16 ga Disamba 1966 ya doke Jose Torres ya zama zakaran duniya a aji na biyu. Da ya sake cin Torres a Mayun 1967, magoya bayan Torres suka yi ta ruwan kwalabe a zauren. A Mayun 1968 ya yarda ya kara da Bob Foster, dogon da ya ɗara shi da kusan santimita 18, wanda mutane da yawa ke gudu. Naushin hagu guda a turmi na huɗu ya kwantar da Tiger, kuma shi ke nan sau ɗayan da aka ƙirga masa goma a rayuwarsa. Ko bayan wannan, a Mayun 1969, yana dab da cika 40, ya ci Nino Benvenuti na Italiya, zakaran matsakaita nauyi na lokacin, a wasan da ba a sa kambu ba. Benvenuti ya ji rauni a hannu a wasan, amma nasarar tana nan a rubuce. A ganina, cikin duk waɗanda suka tsaya suka yi ba-ni-in-ba-ka da shi a ajinsa, babu wanda ya fi ƙarfinsa. Waɗanda suka ci shi da ƙafa suka ci shi.

Ba a gama maganar Tiger ba a taɓo yaƙin basasar Najeriya ba, kuma na san batu ne mai nauyi a wurin mai karatu Bahaushe. Da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967 Tiger ya bi ɓangaren Biyafara, aka ba shi muƙamin laftana, ya zuba kuɗinsa da sunansa a can. A shekarar da Foster ya kwantar da shi ne shugaban Nijar Diori Hamani ya karɓi baƙuncin zaman sulhu a Yamai, wanda bai tsayar da yaƙin ba. A 1969 Tiger ya mayar wa Ingila lambar girmamawa ta MBE da ta ba shi, don nuna fushinsa kan makaman da take bai wa gwamnatin tarayya. Mutum na iya ƙin matsayin da ya ɗauka, kuma da yawa sun ƙi. Abin da ba a musu shi ne ya biya farashin da aljihunsa: kadarorin da ya tara da gumin fage suka salwanta, kuma ina ganin wannan tarihin na cikin dalilan da suka sa Najeriya ba ta ɗaga sunansa yadda ya cancanta ba.

Bayan wasansa na ƙarshe ya kama aikin gadi a wani gidan tarihi a New York. A nan ciwo ya kama shi, likitoci suka ce sankarar hanta ce. Aka bar shi ya koma gida, ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42. A 1991 aka shigar da sunansa zauren karrama manyan 'yan damben duniya da ke Canastota, a jihar New York, shekarar da aka shigar da Gene Fullmer.