Tun Yaushe Mai Digiri Ya Fara Yawon Neman Aiki A Nijeriya?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa ta Jihar Katsina. Bayan gaisuwa, ya ce ɗansa na fari ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, yau shekara uku ke nan yana yawo da takardu babu aiki. Ya ce shi dai a saninsa, sa'ad da yake yaro, ko kwalejin horon malamai mutum ya gama aiki ne ke nemansa. Yana so a gaya masa tun yaushe abin ya juya, kuma me ya juya shi. A ƙasan takardar ya ƙara da cewa wani ya yi alkawarin sama wa yaron gurbi a wata ma'aikata in an kawo kuɗi, ga shi ba shi da abin sayarwa sai shanun huɗa.

To Malam, muna amsa gaisuwa. Abin da ka tuna gaskiya ne, an yi wannan zamani. Sai dai zamanin bai daɗe ba, duka-duka bai wuce shekara talatin ba, kuma abubuwa biyu ne suka haife shi: ƙarancin 'yan boko, da kuɗin man fetur.

Mu fara da ƙarancin. A shekarun 1950, da aka ga Turawa na shirin tafiya, gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ta ɗauki manufar cewa ɗan Arewa za a fara ba aikin gwamnati in dai akwai shi. To ina yake? A duk faɗin Nijeriya wurin karatun digiri guda ɗaya ne, wato Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948, kuma 'yan Arewan da ke cikinta ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Saboda haka a lokacin yaro na gama sakandare ofis na jiransa, balle mai digiri. Ko a 1973, da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin hidimar ƙasa, rukunin farko bai kai mutum 3,000 ba a ƙasar baki ɗaya. Har zanga-zanga ɗalibai suka yi a kan shirin, don a ganinsu ɓata musu shekara guda za a yi, alhali ga aiki da albashi suna jira. Ka ji bambanci. Yau yaro kan yi fatan kada shekarar ta ƙare saboda ɗan alawus ɗin da ake ba shi.

Ana nan sai ga kuɗin mai. A ƙarshen 1973, bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen Dala 3 zuwa kusan Dala 12 cikin 'yan watanni. Gwamnati ta sami kuɗin da ba ta taɓa gani ba, ta shiga faɗaɗa kome da kome. Jihohi 12 da aka yi a 1967 suka zama 19 a 1976, kowace tana bukatar sakatariya da ma'aikatanta. A 1976 ɗin aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka kuma fara shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. Malamai suka yi ƙaranci har sai da aka riƙa ɗauko su daga Gana da Indiya da Pakistan da Masar. Dattawa da yawa za su tuna malamin lissafi Ba'indiye a makarantarsu. Ga ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 haɗe da ariyas. Ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da aka buɗe a Kaduna a wannan shekara, ga masaƙun Kakuri, ga masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano. Mai digiri kan shiga aikin gwamnati a mataki na 8, sau da yawa da gida da rancen mota. Bankuna da kamfanoni su ne ke bin ɗalibai har cikin jami'a tun ba su gama jarrabawa ba.

A wannan shekara ta 1975 kuma aka kafa sababbin manyan makarantu bakwai da suka zama jami'o'i, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1981 mai ya yi kwantai a kasuwar duniya. Ƙasashen Turai da Amurka sun rage sha, sun kuma sami wasu rijiyoyin. A farkon shekarar Nijeriya na haƙo ganga wajen miliyan 2 a rana, kafin damina ta ƙare abin ya faɗo ƙasa da miliyan ɗaya. Ajiyar kuɗin waje da ta kai wajen Dala biliyan 10 a 1980 ta dawo wajen biliyan ɗaya a 1983. A watan Afrilu na 1982 Shugaba Shehu Shagari ya kai wa majalisa dokar tsuke bakin aljihu, aka ƙuntata shigo da kaya.

Wataƙila ka ce, to ina ruwan neman aiki da shigo da kaya? Ai nan gizo ke saƙa. Yawancin masana'antunmu haɗa kaya kawai suke yi. Injin daga waje, kayan gyaransa daga waje, sinadarin rini daga waje, har alkamar fulawa daga waje. Kamar ɗan kasuwa ne da ke sarin kaya a Kano yana kai wa ƙauye. Ranar da kuɗin sari suka yanke, yaran shago ne za su fara ji a jikinsu. Da Dala ta yi wuya, kamfanin da ke aiki dare da rana ya koma yini kawai, wani ya rufe na wata uku, wani ya sallami rabin ma'aikata. Wanda ke korar tsofaffin hannu ba zai ɗauki sabo ba. Jihohi kuma, da ke jiran kasonsu daga Legas kowane wata, suka kasa biyan albashi. A jihohi da dama malaman firamare sun yi watanni ba su ga ko kwabo ba a 1982 da 1983. Abin tausayi, yaran da aka kwasa aka zuba a aji ɗaya a 1976 sun gama firamare ne daidai a 1982, shekarar da aljihun ya tsuke.

A watan Janairu na 1983 gwamnati ta kori baƙin da ba su da takardun zama, mutum wajen miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Gana. An ce su suka tare ayyuka. Sun tafi, aikin bai samu ba.

Da soja suka karɓi mulki ran 31 ga Disamba 1983, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rage dubban ma'aikata a 1984, aka kuma dakatar da ɗaukar sababbi a ma'aikatu da yawa. In kana neman lokacin da za ka ɗora yatsa ka ce nan ne mai digiri ya fara yawo da fayil a hammata, to tsakanin 1982 ne da 1985. Su kuwa jami'o'in nan da na ce ka riƙe ba su tsaya ba. Waɗanda aka kafa a 1975 sun fara yaye ɗalibai sosai, gwamnatin Shagari ta ƙara na fasaha a garuruwa irin su Bauci da Yola da Minna da Makurɗi, jihohi ma suka fara buɗe nasu. Ruwa na ta kwararowa, randa kuwa ta riga ta cika.

Janar Ibrahim Babangida ya hau a watan Agusta na 1985. Ya bar jama'a suka yi ta muhawara a kan ko a karɓi bashin Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya, aka ce ba a so, ya ce ya ji. Amma a tsakiyar 1986, lokacin da gangar mai ta faɗo kusan Dala 10, sai ya kawo shirin gyaran tattalin arziki da kowa ya sani da SAP, wanda kusan duk sharuɗɗan asusun suna ciki. A watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Dalar da a 1985 ba ta kai Naira ɗaya ba ta koma wajen Naira 4, ta kuma ci gaba da hawa. A wannan shekara aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Kai da ke Funtuwa ka fi ni sanin yadda cinikin auduga ya koma bayan nan. A 1988 aka yi dokar sayar da kamfanonin gwamnati. Manufar shirin ita ce gwamnati ta rage hannunta, 'yan kasuwa su ɗauki nauyin samar da aiki. Gwamnati ta janye ɗin, amma 'yan kasuwar ba su da ƙarfin ɗauka.

A nan ya kamata a yi adalci. Abin bai zo wa Arewa da Kudu lokaci ɗaya ba. A Legas da Ibadan da Inugu, inda masu digiri suka yi yawa, tun farkon shekarun 1980 aka fara kuka. A Arewa kuwa, saboda har lokacin ana ƙarancinsu, mai digiri kan sami ko da koyarwa a sakandaren jiharsa, wani lokaci ma makarantar da ya yi wa hidimar ƙasa ce ke riƙe shi. Shi ya sa mutanenmu da yawa ba su farga ba sai can cikin shekarun 1990 da bayansu, lokacin da masaƙu suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002.

Yadda ake neman aikin ma ya sake. A da takarda ɗaya za ka rubuta da hannu ka kai Hukumar Ɗaukar Ma'aikata, a kira ka ganawa. Daga baya sai yaro ya kwana a ɗakin ɗan'uwa a Kaduna ko Legas, da safe ya je wajen mai jarida ya leƙa tallan aiki a New Nigerian ko Daily Times, ya buga hoton takardunsa, ya bi ofis-ofis a ƙasa. A ƙofar kamfani ya tarar da allo an rubuta babu gurbi. Inda akwai gurbin kuma a ce ana son wanda ya yi shekara biyar yana aiki. To wanda bai fara ba ina zai samo shekara biyar? Daga nan ne takardar babban mutum ta fara fin takardar jami'a nauyi, aka koma ga mai uwa a gindin murhu. Waɗanda ke da aikin ma albashinsu ya zama ba ya kai su tsakiyar wata. Ma'aikaci ya tashi ofis ya yi kabu-kabu da motarsa, acaɓa ta yaɗu a birane, likitoci da malaman jami'a suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka.

Gwamnati ta san da matsalar. A ƙarshen 1986 ta kafa Hukumar Samar Da Aikin Yi Ta Ƙasa, wato NDE, ta fara aiki a 1987. Ta tura matasa koyon sana'a wajen masu gareji da kafintoci da teloli, ta ba wasu masu digiri fili da rance su yi noma, wasu kuma rancen kafa ƙaramar sana'a, takardar digirinsu ce jingina. A ganina tunanin ba shi da laifi, kuma akwai waɗanda suka tashi da shi. Inda aka yi tuntuɓe shi ne, yawancin yaran nan an kai su makaranta ne don su rabu da fartanya, an shekara goma sha shida ana gaya musu haka, sa'an nan rana ɗaya aka miƙa musu ita. Rance kuma ba ya koya wa mutum lokacin shuka. Da yawa ba su iya biya ba. A watan Mayu na 1989 ɗalibai suka yi bore a kan SAP, ya faro daga Jami'ar Benin ya bazu, aka rasa rayuka. Bayansa gwamnati ta fito da wasu matakan sassauci, aka kuma buɗe Bankin Al'umma a wannan shekara don ba talaka ƙaramin rance ba tare da jingina ba.

Tun daga nan ba a koma gidan jiya ba, ko a shekarun da mai ya sake tsada. Jami'o'i a Nijeriya yanzu sun haura 250, masu zuwa hidimar ƙasa kuma sun wuce 300,000 a shekara. A ran 15 ga Maris 2014, mutane fiye da 500,000 aka gayyata jarrabawar shiga aikin hukumar shige da fice a filayen wasa na ƙasar nan, kowa ya biya Naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu, fiye da mutum goma suka mutu. A 2016, da tattalin arziki ya sake karyewa, aka kawo shirin N-Power mai biyan Naira 30,000 a wata, wanda in ka duba da kyau jikan NDE ne.

Saboda haka Malam, kada ka ɗauka yaronka ne ya yi sakaci, kada kuma 'yan zaman majalisa su sa ka ce karatun banza ne. Abin da ya karanta yana nan a kansa, kuma mai lissafi da rubutu da sanin yadda ake magana da banki yana da amfani a harkar masara da waken suya kamar yadda yake da shi a ofis. Ya ci gaba da nema, amma kada ya zauna jira hannu rabbana.

Batun shanu kuwa, ba na ba ka shawarar ka sayar. Sayen gurbin aiki laifi ne a doka, ga mai saye da mai sayarwa. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a kan wannan magana, mutane suka zo da bakinsu suka ce sun biya kuɗi masu yawa, wasunsu har an ba su takardar ɗaukar aiki, amma ba a ba su wurin aiki ba. Wanda ya ba da irin wannan kuɗi ba shi da rasit, ba shi da inda zai kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba. In da gaske akwai gurbi a ma'aikatar, yaron ya je da ƙafarsa ya tambaya a ofishinsu, ko ya duba sanarwarsu a jarida da intanet, tun kafin kowa ya taɓa igiyar shanun nan. Ga damina tana matsowa.