Kalmar da ta riga magudana zuwa: tarihin «égout» da ƙamus na ruwan ƙazanta a Nijar

A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu duba wata matsala da ke tare duk wanda aka ba aikin juya dokokin tsabta daga Faransanci zuwa Hausa. Matsalar ita ce kalmar «égout» da danginta sun iso ƙasarmu a kan takarda, alhali abin da suke nufi bai iso ba.

A Faransa kalmar tana da tarihinta. Tun zamanin Haussmann da injiniya Belgrand aka gina hanyoyin ruwa a ƙarƙashin birnin Paris, sannan dokar ran 10 ga watan Yuli 1894 ta tilasta wa masu gidaje su haɗa makewayinsu da waɗannan hanyoyi. Wannan shi ne «tout-à-l'égout». Daga nan harshen doka ya rarraba ruwa bisa asalinsa: na sama (eaux pluviales), na wanka da wanke-wanke (eaux ménagères), da na makewayi (eaux-vannes). Kowane da inda aka yarda a zuba shi.

Da Nasara suka kafa dokar kiwon lafiya ta Afirka ta Yamma a 1904, wannan ƙamus suka ɗauko. Amma abin da ya dame su a nan shi ne sauro da shawara. Ma'aikatan tsabta suna shiga gidaje suna leƙa randuna da tuluna, suna cin tara, kamar yadda duba-gari ke yi a Kano. Ba a gina wa Damagaram hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ba, ba a kuma gina wa Yamai ba bayan da aka mayar da babban birni can a 1926. Ko da ambaliyar gulbi ta ci tsohon garin Maraɗi a 1945 aka tayar da shi zuwa tudu, tituna masu faɗi aka shata. Abin da ya biyo baya a biranenmu shi ne «caniveau», wato ramin ruwan sama a gefen hanya.

To, Hausa fa? Kalmomi ba su yi mata ƙaranci ba, sai dai rabon da ta yi daban ne. Bahaushe yana kiran abin da sunan wurinsa: indararo a kan soro, rariya a gindin katanga, kwatami a bayan gida, salga ko salanga ko shadda a makewayi, kududdufi a bakin unguwa. Kwata kuwa daga Ingilishi ta shigo ta kudu. Akwai kuma rabo na biyu wanda, a ganinmu, ya fi na farko ƙarfi a zukatan mutane, wato na fiƙihu. Almajirin da ya karanta Ahalari ko Risala ya san cewa ruwan da najasa ta sauya wa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya tsarki. Bisa wannan ma'auni, ruwan wankin shinkafa ko na wanke tukunya ba najasa ba ne. Matar da ta watsa shi a ƙofar gida don ya kwantar da ƙura ba ta ga laifin da ta yi ba.

A nan ne dokar tsabtar jama'a, Ordonnance 93-13 ta ran 2 ga watan Maris 1993, ta ci karo da harshe. Ta hana zubar da «eaux usées» a kan hanya. In mai fassara ya ce «ruwan najasa», ya fitar da ruwan wanke-wanke daga hanin, wanda kuwa doka ta haɗa da shi. In ya ce «ruwan ƙazanta», ya bar wa kowa ya auna da idonsa. Haka nan in ya kira «égout» da «caniveau» duka magudanar ruwa, ya haɗe abin da aka gina don ƙazanta da abin da aka gina don ruwan sama kaɗai. Mai gidan da ya ja bututu daga makewayinsa zuwa ramin bakin titi zai ce ai magudana ce, kuma a Hausa bai yi ƙarya ba. Kwarin Gunti Yena da ke ratsa Yamai ya faɗa kogin Kwara shi ke ɗauke da sakamakon wannan fahimta.

Ba mu ganin ƙirƙiro wa «égout» sabon suna zai yi wani amfani a garin da ba shi da ita. Abin da ya fi dacewa shi ne a bi rabon Hausa na wuri: a ce ruwan rariya, a ce ruwan salanga, a bar wa «caniveau» sunan hanyar ruwan sama, tun da sunan kansa yana faɗin abin da aka yarda a zuba ciki. Sauran «puisard» da «fosse septique», waɗanda magina da masu motar kwashe masai ke kira da sunayensu na Faransanci, su ya kamata a fara tambaya kafin a zauna kwamiti.