Yadda Kiɗa Ya Shiga Ɗakin Gashin Hannu

Wanda ya gamu da shanyewar ɓarin jiki yakan iya komawa tafiya ko da da sanda, amma hannu ya fi taurin kai. Ɗaura maɓalli, riƙe cokali, murɗa makulli, duk suna buƙatar ƙwaƙwalwa ta sake shimfiɗa hanyoyin da suka lalace, kuma ba ta yin haka sai da maimaici mai yawa. A 2009, Catherine Lang da abokan aikinta a Amurka sun ƙirga abin da ke faruwa a ɗakunan gashi, suka tarar majinyaci na maimaita aikin hannu sau 32 kacal a zama guda, alhali a gwajin dabbobi ɗaruruwa ake yi. Ta wannan giɓin kiɗa ya samu shiga.

Tushen abin ya girmi kwamfuta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu makaɗa sun riƙa zagaya asibitocin sojoji a Amurka, har aka buɗe kwas ɗin digiri na farko kan jinya da kiɗa a Michigan a 1944. Sai dai a wancan zamani an fi ɗaukar kiɗa a matsayin abin sanyaya zuciya. A shekarun 1990 ne Michael Thaut na Jami'ar Jihar Colorado ya nuna cewa bugu mai tsari yana daidaita takun masu shanyewar ɓarin jiki da masu cutar Parkinson, domin jiki kan shirya motsi tun kafin bugun ya iso.

Gudummawar injiniyoyi ta zo ne ta bayan gida. A 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da MIDI, ƙa'idar da ke mayar da kowane taɓi zuwa lambobi: wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane ƙarfi. Ba don marasa lafiya aka yi ta ba, amma ta mayar da fiyano ma'auni. A Jamus, Sabine Schneider, Eckart Altenmüller da Thomas Münte sun yi amfani da ita a binciken da suka wallafa a 2007. Majinyata 20 suka yi zama 15 cikin mako uku, gangunan lantarki don motsa dantse, fiyano don yatsu. Hannayensu sun fi na waɗanda suka tsaya ga gashin da aka saba sauri da daidaito. Dalilin a fili yake: kunne na shaida wa mutum kuskurensa nan take.

Daga nan aka nufi gida. A Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, David Reinkensmeyer da Nizan Friedman sun ƙera MusicGlove, safar hannu mai na'urorin ji a kan yatsu, wadda ta ari salon wasan Guitar Hero. Majinyaci na haɗa babban yatsa da sauran yatsu daidai da bugun waƙa, manhaja na ƙirga masa maki.

Har yanzu hujjar ba ta nuna sosai ba. Bitar Cochrane ta 2017 ta ga amfanin kiɗa ga tafiya ya fi bayyana, na hannu kuwa ƙananan gwaje-gwaje ne ke tallafe da shi. Safar ma sai mai ɗan sauran motsi a yatsu za ta yi wa amfani. Abin da tarihin ya tabbatar shi ne mutum ya fi jure maimaici idan akwai waƙar da yake son kaiwa ƙarshenta.