Tsohuwar Tele Mai Ƙeya: Daga Lakkol Zuwa Gwanjon Salula

A Nijar talabijin ba don nishaɗi ta fara ba, don karatu ne. A 1964 aka soma talabijin ta makaranta da taimakon Faransa: ana shirya darasi a Yamai, yara su kalla cikin aji, hoton baƙi da fari. Da yake yawancin ƙauyuka babu kuran, har da hasken rana aka gwada kunna wasu akwatunan. Talabijin ta kowa da kowa, wato Télé Sahel, sai ƙarshen shekarun 1970 ta kankama, zamanin Seyni Kountché, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa. Daga nan aka riƙa kai akwatin kallon jama'a cikin garuruwa, mutane su taru da dare kamar a dandali.

Mu ƴan yankin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, tarihinmu yana da wata ƙofa ta biyu, ita ce Najeriya. Can an riga mu: Ibadan ta buɗe tasha a 1959, Kaduna a 1962, Jos kuma ta fara watsa hoto mai kala a tsakiyar shekarun 1970. Kayan Kano da Katsina suna shigowa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, tele na cikinsu. Kai, har wutar da ake kunna ta daga Katsina take shigowa, ta sauka Gazawa kafin a raba ta.

To amma a nan gizo ke saƙa. Nijar ta bi tsarin kala na Faransa, SECAM, Najeriya kuma ta bi PAL. Mutum ya sayo tele mai kala a Kano, ya kawo gida, ya ɗaga eriya kan doguwar sanda, ya kamo Télé Sahel, sai ga hoto baƙi da fari, wani lokaci ma ba murya. Akwatin lafiyarsa lau, yaren ne bai ji. Shi ya sa tele mai karɓar tsari biyu ta yi daraja a bakin iyaka, kuma masu gyara suka samu abin yi, don su ne ke buɗe baya su daidaita. A ganina waɗannan masu gyaran sun cancanci a rubuta tarihinsu fiye da kamfanonin. Daga 1990, da finafinan Hausa na Kano suka fito a kaset, tele da na'urar bidiyo suka zama jari: rumfar zana, benci, janareto, a biya ƴan daloli a shiga.

Yau an koma shafaffiyar tele ta bango, mai ƙeyar tana ƙarƙashin gado ko hannun ƴan gwangwan, masu fasa ta don jan ƙarfen ciki. Sai dai a Turai da Amurka kasuwarta ta farfaɗo. Kamfanin Sony ya fito da samfurin Trinitron a 1968, ya daina ƙera shi a 2008, kuma masu son tsoffin wasannin bidiyo suna nemansa, don an tsara wasannin ne domin irin wannan gilashi. Abin da aka daina yi, farashinsa ya kan tashi, inda farashi ya tashi kuwa ɗan damfara na nan kusa.

Salon nasu a Facebook da zaurukan WhatsApp kusan ɗaya ne. A sa hoton tele tsaf, wanda aka kwaso daga wani shafin waje, a ce gwanjo ne, a rufe yau da dare. Abokan mai tallar su shigo suna ƙara tayi don su ɗaga maka hankali. Ka yi nasara, sai a ce tura kafin alƙalami ko kuɗin mota, gobe direba zai sauke maka a tasha. Ka tura, lamba ta mutu. Akwai kuma juyin waina: a kira mai tsohuwar tele a ce wani Bature zai saye ta da tsada, amma sai ya fara biyan kuɗin takardun duwan.

Gane su ba wuya. Ka ce ya ɗauko bidiyo tele na kunne, da takarda gefenta mai ɗauke da sunanka da kwanan watan ranar. Ka nemi hoton tambarin baya, inda aka rubuta samfuri da ƙarfin wuta; wadda aka yi don Amurka ko Japan ba ta ɗaukar wutarmu ta 220 sai da taransifoma. Ka saka hoton tallar a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa wani wuri. Ka kuma dubi bayan hoton: soket da ƙasan ɗakin sun yi kama da na Maraɗi? Wanda ya ce yana Tibiri amma ya ƙi yarda ɗan uwanka ya je ya gani da ido, ya riga ya ba ka amsa.

In kuwa ta gidanku ce za ka fiddo, kada ka buɗe bayanta da kanka. Gilashin yana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare ta daga soket, kuma akwai dalma a jikinsa. Ka kai wa tsohon mai gyara, kuma yana aiki ka tambaye shi wace shekara ya fara ganin kala a garinku, ka rubuta.