Daskarar da fanshon tsoffin sojojin mulkin mallakar Faransa

Daskarar da fansho, wadda Faransawa ke kira cristallisation, wani tsari ne na doka da gwamnatin Faransa ta kafa a shekarun 1958 da 1959. Tsarin ya tsayar da kuɗin fanshon tsoffin sojojinta 'yan asalin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka a kan adadin da yake a lokacin da ƙasashen suka samu 'yancin kai, alhali fanshon takwarorinsu Faransawa yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Dokar ta shafi 'yan mazan jiya na Jamhuriyar Nijar, ciki har da Hausawan yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da Arewacin Afirka, da Madagaska, da yankin Indocina. Ta yi shekara 50 tana aiki kafin a soke ta baki ɗaya a ranar 1 ga Janairu 2011, bayan jerin ƙararraki da hukunce-hukuncen kotu. A lokacin da aka soke ta, mafi yawan waɗanda ta shafa sun riga mu gidan gaskiya.

Asalin sojojin

Gwamnan Sanigal Louis Faidherbe ne ya kafa rundunar da ake kira Tirailleurs sénégalais a shekarar 1857. Ko da yake sunan na Sanigal ne, daga baya an riƙa ɗibar sojojinta daga duk yankunan da Faransa ke mulka a Afirka ta Yamma, har da Nijar. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kimanin mutum 200,000 ne suka yi aiki a rundunar, kuma kusan 30,000 daga cikinsu suka mutu. A 1919 Faransa ta mayar da aikin soja na tilas ya zama doka ta dindindin a yankin, inda wanda aka ɗauka yake yin shekara uku. Sarakuna da masu gari ne ake ɗora wa nauyin kawo samari, shi ya sa galibin sojojin suka kasance 'ya'yan manoma daga ƙauyuka.

Sojojin sun sake yin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a Indocina daga 1946 zuwa 1954, da Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, yana cikin waɗanda suka yi aiki a sojan Faransa a waɗannan yaƙe-yaƙe biyu na ƙarshe.

Rigima kan haƙƙin sojojin ta girmi dokar daskarewa. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye da ke kusa da Dakar, sojojin Faransa sun buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursunan yaƙi suna neman a biya su bashin albashinsu. Hukuma ta ce mutum 35 aka kashe, amma masana tarihi da dama suna ganin adadin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Kafa dokar

An fara daskarar da fanshon 'yan Biyetnam da Kambodiya da Lawos ta hanyar sashe na 170 na wata dokar kuɗi ta 30 ga Disamba 1958. Shekara guda bayan haka, sashe na 71 na dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ya faɗaɗa tsarin zuwa sauran ƙasashe. Ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu 1961, wato wata biyar bayan Nijar ta samu 'yancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960. Ƙasashen Sanigal da Gabon da Cadi da Afirka ta Tsakiya sun shiga tsarin daga baya ta wata doka ta 1979, ita kuwa Aljeriya wata doka ta 1981 ce ta tabbatar da nata.

Hujjar Faransa ita ce, waɗannan mutane sun zama 'yan wasu ƙasashe masu cin gashin kansu, kuma tsadar rayuwa a ƙasashensu ba ta kai ta Faransa ba. Masu sukar dokar kuma suka ce fansho ladan aikin da aka riga aka yi ne, kuma a fagen daga ba a bambanta Bafaranshe da ɗan Afirka ba.

Yadda tsarin yake aiki

A wancan zamani, kuɗin da tsohon soja ke karɓa a Faransa iri uku ne. Akwai ɗan alawus na shekara ga duk mai riƙe da katin shaidar ya halarci yaƙi, akwai fanshon nakasa ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a bakin aiki, sannan akwai fanshon ritaya ga wanda ya yi aƙalla shekara 15 a soja. Ana lissafa kowanne ne ta hanyar ninka yawan makin da mutum yake da shi da darajar kuɗin maki ɗaya. Gwamnati tana ɗaga darajar makin lokaci zuwa lokaci domin ta dace da tsadar rayuwa.

Dokar 1959 ta mayar da fanshon 'yan tsoffin yankunan mallaka ya zama diyya ta shekara-shekara, wadda aka lissafa da darajar makin wancan lokaci. Abin da ya biyo baya ya kasu uku. Na farko, darajar makin ta tsaya cik. Na biyu, yawan makin ma ya tsaya, don haka gyare-gyaren da aka yi wa Faransawa masu irin muƙaminsu bai shafe su ba. Na uku, an rufe ƙofar sabon haƙƙi: wanda raunin da ya samu a yaƙi ya tsananta bayan shekaru ba shi da ikon neman ƙari, kuma idan ya rasu, matarsa ba ta da tabbacin gadon fanshonsa. Gwamnati takan yi ɗan ƙari jefi-jefi bisa ganin dama, amma bai taɓa cike giɓin ba.

Alkaluman da kafofin yaɗa labarai suka yi ta ambato a 2006 sun nuna girman bambancin: Bafaranshe mai cikakkiyar nakasa yana karɓar kusan Yuro 690 a wata, ɗan Sanigal Yuro 230, ɗan Kamaru Yuro 104, ɗan Maroko ko Tunisiya kuwa Yuro 61.

Ƙararraki

A 1985 Ibrahima Gueye da wasu tsoffin sojojin Sanigal, su 743 gaba ɗaya, suka kai ƙarar Faransa gaban Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. A ranar 3 ga Afrilu 1989 kwamitin ya ce Faransa ta saɓa wa sashe na 26 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin farar hula da na siyasa, wanda ya hana nuna wariya. Faransa ba ta canja dokarta ba.

Babban sauyi ya zo ne da ƙarar Amadou Diop, wani saje ɗan Sanigal da ya yi aiki a sojan Faransa daga 1937 zuwa 1959. A ranar 30 ga Nuwamba 2001, Conseil d'État, wato kotun ƙoli mai duba shari'o'in da suka shafi hukumomin gwamnati, ta yanke hukuncin cewa bambanta fansho saboda ƙasar mutum kaɗai ya saɓa wa sashe na 14 na yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam. Diop bai ga hukuncin ba, domin ya rasu tun 1996.

Sokewa mataki-mataki

Gwamnati ba ta soke dokar nan take ba. A wata doka ta 30 ga Disamba 2002 ta sake lissafa fanshon bisa ƙarfin sayayyar kuɗi a ƙasar da mutum yake zaune, tare da ƙarin aƙalla kashi 20 cikin 100. Wannan ya rage giɓin amma bai kawar da shi ba.

A 2006 fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb, wanda ya ba da labarin sojojin Arewacin Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ja hankalin jama'a kan batun. A ranar 27 ga Satumba 2006, ranar da aka fara nuna fim ɗin a gidajen sinima, gwamnatin Shugaba Jacques Chirac ta sanar da daidaita alawus ɗin halartar yaƙi da fanshon nakasa daga 1 ga Janairu 2007. An ƙiyasta matakin zai amfani kimanin mutum 80,000 daga ƙasashe 23, a kan kuɗi Yuro miliyan 110 a shekara. Fanshon ritaya, wanda shi ne mafi tsoka, bai shiga wannan gyara ba.

A ranar 28 ga Mayu 2010 Majalisar Tsarin Mulki ta Faransa ta yanke hukunci a ƙarar iyalin Labane, matar wani tsohon soja ɗan Aljeriya da ɗanta. Shi ne hukuncinta na farko a ƙarƙashin sabon tsarin da ya ba talaka damar ƙalubalantar dokar da ke aiki. Majalisar ta ce sassan dokokin 1981 da 2002 da 2006 sun saɓa wa ƙa'idar daidaito, ta kuma ba majalisar dokoki wa'adi zuwa 1 ga Janairu 2011 ta gyara. A ranar 13 ga Yuli 2010 Shugaba Nicolas Sarkozy ya shaida wa shugabannin Afirka da suka je bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai cewa za a daidaita dukkan fanshon, ko a ina mutum yake zaune. Washegari sojojin ƙasashen Afirka 13, har da Nijar, suka yi fareti a birnin Paris. Sashe na 211 na dokar kasafin kuɗi ta 29 ga Disamba 2010 ne ya share tsoffin sassan 1958 da 1959 da 1979 daga kundin dokoki. An ƙiyasta kimanin mutum 30,000 ne za su amfana.

Abin da ya rage bayan sokewa

Soke dokar bai zo da biyan bashin shekarun baya ba. Haka kuma, darajar maki ce kaɗai aka daidaita kai tsaye. Domin a gyara yawan makin, sai tsohon soja ko matarsa sun rubuta takardar nema cikin wa'adin shekara uku, wanda daga baya aka ƙara zuwa ƙarshen 2014.

Wannan sharaɗi ya fi yi wa mazauna karkara nauyi. Da yawansu tsofaffi ne da ba su yi karatun boko ba, suna zaune nesa da manyan biranen da ofisoshin ke ciki, kuma takardun soja na shekarun 1940 da 1950 ba kowa ne ya iya adana su ba. Matan da mazajensu suka rasu su ma ana bukatar su kawo shaidar aure ta hukuma, alhali auren ƙauye a wancan zamani liman da waliyyai da shaidu ne ke ɗaura shi ba tare da rajista ba. Ƙungiyoyin 'yan mazan jiya da masu kare haƙƙin baƙi a Faransa sun soki sharaɗin, suna cewa hukuma tana da sunayen mutanen a hannunta, don haka babu dalilin jiran sai sun nema.

An ci gaba da ƙananan gyare-gyare. A ranar 15 ga Afrilu 2017 Shugaba François Hollande ya ba tsoffin sojoji 28 takardar zama 'yan ƙasa, bayan wata takardar koke da Aïssata Seck, jikar wani tsohon soja, ta jagoranta. A Janairu 2023 gwamnati ta ɗage sharaɗin zama wata shida a Faransa kowace shekara ga tsoffin sojojin da ke karɓar tallafin tsufa na Yuro 950 a wata, kuma a watan Afrilu na shekarar tara daga cikinsu suka koma Sanigal da zama.

Kwatanci da Najeriya

Iyakar da Turawa suka shata ta raba Katsina da Maraɗi, garuruwa biyu masu tushen sarauta ɗaya, ta yadda samarin zuriya guda suka yi wa dauloli biyu aikin soja. Na ɓangaren Najeriya sun shiga rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce harshen da aka daɗe ana amfani da shi a bataliyoyinta na Najeriya, kuma sun yi yaƙi a Burma a runduna ta 81 da ta 82. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai musu ziyara a can a lokacin yaƙin.

Ingila ba ta yi doka irin ta daskarewa ba, domin nauyin sojojin ya koma kan gwamnatin Najeriya. A 1964 aka kafa ƙungiyar Nigerian Legion domin kula da jin daɗinsu, kuma ana tunawa da 'yan mazan jiya a ranar 15 ga Janairun kowace shekara. Sai dai binciken 'yan jarida da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa kuɗin sallamar da Ingila ta biya sojojinta na Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu bai kai na fararen fata masu muƙami ɗaya da su ba. A Nuwamba 2018 gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 11.8 domin tallafa wa tsoffin sojojin ƙasashen renon Ingila masu fama da talauci, da matan waɗanda suka rasu, ta yadda za su samu abinci sau biyu a rana.