Asalin Katin Asibiti da Masu Rubuta Shi

Duk mutumin Lamorde, a Mubi, da ya taɓa ɗauko mara lafiya a Keke Napep da tsakar dare ya san tambayar da ke jiransa a ƙofar asibiti: "Kuna da kati?" Mai jinya kan ji zafinta, don a ganinsa ana ta rai, wani yana ta takarda. Amma takardar nan tana da tarihi, kuma ta ceci mutane da dama.

A da, ko a ƙasashen Turawa, kowane likita da kundinsa, ya rubuta abin da ya ga dama ya ajiye a ɗakinsa. A 1907 ne Dokta Henry Plummer na asibitin Mayo a Amurka ya tsara cewa kowane majiyyaci a ba shi lamba ɗaya da fayil ɗaya, duk likitan da ya duba shi ya rubuta a ciki. Ƙaramin katin da ake yanka mana yau, mai ɗauke da lamba, daga nan ya samo tushe.

A ƙasar Mubi kuwa, wadda ta fita daga hannun Jamusawa ta koma na Ingilishi kafin ta shigo Nijeriya a 1961, rubutun jinya ya zo ta ɗakunan shan magani na En'e da asibitocin mishan. Malamin asibiti shi ne mai ba da magani, shi ne mai wanke gyambo, shi ne kuma mai cika rijista: suna, gari, ciwo, magani. Mishan ɗin da ya sauka Garkida a 1923 ya buɗe wani asibiti a Lassa, arewa da Mubi. A can ne, a Janairun 1969, wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Aka kai ta Jos ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta, nas ta uku da ta kamu aka fita da ita Amurka ta tsira. Da aka haɗa bayanan da likitoci suka riƙa rubutawa kullum da gwajin jinin da aka yi a Jami'ar Yale, sai aka gane sabuwar cuta ce, zazzaɓin Lassa.

Sai a 1989 Nijeriya ta kafa hukumar da ke yi wa jami'an adana bayanan lafiya rijista, wato ma'aikatan ɗakin kati.

Inda rubutu ya fi wuya shi ne sashen gaggawa. An shigo da wanda babur ya buge, jini na zuba, hannu biyu na nas suna kan nemo jijiya don ƙarin ruwa. Duk da haka dole a rubuta ƙarfe nawa ya iso, wa ya kawo shi, awon jininsa da bugun zuciya, ko yana cikin hayyacinsa, wace allura aka yi masa da kuma lokacinta. Lokacin nan shi ne babba a wurina, domin likitan da zai karɓi aiki da safe da shi zai san ko ciwon gaba yake yi ko baya, kuma da shi ake kauce wa maimaita allura. Mubi ta ga irin wannan aikin gaggawa a 21 ga Nuwamban 2017, da bam ya tashi a masallaci lokacin sallar asuba, mutum kusan 50 suka rasu, aka yi ta jigilar masu rauni zuwa asibiti.

Doka ma ta shigo. Ta lafiya ta 2014 ta hana mayar da mai neman agajin gaggawa, ta kuma wajabta ajiye bayanansa. Ta 2017 ta ce a karɓi wanda aka harba da bindiga ba tare da takardar 'yan sanda ba, a rubuta komai, a sanar da su cikin awa biyu.

A Amurka, bayan dokar 2009 da ta tura asibitoci ga kwamfuta, rubutu ya yi wa likitoci yawa har aka riƙa ɗaukar marubuta na musamman, su bi likita gado-gado suna shigar da abin da ya faɗa, shi kuma ya duba ya sa hannu. A nan, likita da nas ne ke haɗa ayyukan biyu, ga ƙarancin ma'aikata.

Raunin tsarinmu ya bayyana a ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram ta kama Mubi. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya gudu Yola ko Kamaru, lamba kawai ke aljihunsa, fayil ɗin yana baya. Manhajar DHIS2 da gwamnati ke amfani da ita jimillar alƙaluman wata-wata ta fi tattarawa, ba tarihin mutum ɗaya ba. Har yanzu wanda aka tura daga Mubi zuwa Yola, abin da likitan can zai fara dogara da shi shi ne takardar da aka rubuta masa da hannu.